Ɗafa-goshin "hypo-" a Kalmomin Likitanci: Asalinsa, Ma'anoninsa da Fassararsa zuwa Hausa

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar sakamakon gwaji a wani asibiti na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san cewa da Faransanci ake rubuta ta. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, mafi yawan manyan kalmomin da ke cikin takardar daga Girkanci aka ƙera su, Faransanci ya yi musu riga ne kawai. Cikin guntayen Girkancin da suka fi yawan fitowa akwai hypo-, wanda ake gani a hypoglycémie da hypotension da hypothermie da hypothyroïdie da sauransu. Yana da abokin tagwaitaka, wato hyper-, wanda ke ɗauke da kishiyar ma'anarsa. A bakin mai Faransanci gaɓa ɗaya ce ta raba su, "ipo" da "iper", kuma a hayaniyar ɗakin marasa lafiya ko ta wayar tarho wannan gaɓa tana da sauƙin ɓacewa. Mai ciwon sukari da ya shiga hypoglycémie sukari yake bukata nan take. In aka ɗauka hyperglycémie ce aka ƙara masa allurar insulin, ana iya rasa shi. Saboda haka sanin wannan ɗafi ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe kamar yadda ya shafi ɗalibin likitanci, musamman wanda wata rana zai tsaya tafinta tsakanin likita da maras lafiya.

Asalinsa a Girkanci

A tsohon Girkanci, ὑπό (hupó) kalma ce mai zaman kanta, daga rukunin ƴan kalmomin nan masu nuna matsayi irin su "a" da "ga" da "daga" na Hausa. Tushen ma'anarta shi ne "ƙarƙashin". Siffar da sunan da ke biye da ita ya ɗauka ita ke fayyace ko ana nufin zama a ƙarƙashin abu, ko shiga ƙarƙashinsa, ko fitowa daga ƙarƙashinsa. Da ita kuma ake nuna wanda ya aikata aiki a jimlar da aka gabatar da karɓau, kamar dai a ce abin ya faru ne a ƙarƙashin hannun wane. Girkanci yana da al'adar manna irin waɗannan ƴan kalmomi a goshin aikatau da suna da sifa domin samar da sabuwar kalma, kuma ta wannan hanya hupó ta zama ɗafa-goshi.

Masu kwatanta harsuna sun maido da ita ga wata saiwa ta kakan harsunan Indiya da Turai, wadda suke rubutawa *upo. Alamar tauraron tana nuna cewa ba a sami kalmar a rubuce ba, an gano ta ne ta hanyar kwatanta ƴaƴanta. Daga wannan saiwa aka sami *uper, mai ma'anar "bisa", wadda ta haifi ὑπέρ (hupér). Ke nan kamannin hypo- da hyper- gado ne, gida ɗaya suka fito. Ana bayyana yadda saiwa ɗaya ta haifi "ƙasa" da "sama" da cewa tun farko tana nuna motsi ne daga ƙasa zuwa sama: wasu siffofin suka riƙe mafarin motsin, wasu suka riƙe maƙurarsa. Ana ganin tagwayen a harsuna da dama na wannan dangi. Latin yana da sub da super. Sanskirit na Indiya yana da upa, mai nufin "kusa da", da upari, mai nufin "bisa". Harshen Gotik, wanda shi ne mafi daɗewar harsunan Jamusawa da aka samu da rubutu mai tsawo, yana da uf da ufar. Über na Jamusanci ɗan'uwan hupér ne. Faransanci kansa ya gaji sous daga subtus na Latin, ya gaji sur daga super. Mai cewa sous da sur kullum yana amfani da dangin hypo- da hyper- ne ba tare da ya sani ba.

Rubutu da furuci

Haruffa biyun farko na ɗafin suna da nasu tarihi. Girkawa ba su da harafi na musamman na sautin h a rubutun da ya zama daidaitacce, sai wata ƴar alama da ake ɗorawa a kan wasalin farko. Ƙa'ida ce a Girkancin Atina cewa duk kalmar da ta fara da wasalin υ tana ɗaukar wannan alama, shi ya sa hupó ta sami h alhali *upo ba ta da shi. Wasalin kuwa, a zamanin su Aflatun ana furta shi kamar u na Faransanci a kalmar lune. Da Rumawa suka yawaita aron kalmomin Girkanci, sai suka ƙara harafin Y a ƙarshen abacadarsu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa domin rubuta wannan sauti da ba su da shi. Daga baya furucinsa ya koma i, kuma wannan ne dalilin da Faransawa ke kiran harafin i grec, wato i na Girkawa. Sautin h ma ya faɗi a Girkancin baya da kuma Faransanci. A Girka ta yau "ipo" ake cewa, kuma a 1982 gwamnatin ƙasar ta soke alamar h ɗin daga rubutun hukuma.

A tsohuwar ƙa'ida, idan saiwar ta fara da wasali, o na ƙarshen ɗafin yakan faɗi. Haka aka sami hypoxie, wato ƙarancin iskar oksijin a jiki, inda o ɗaya ya rage maimakon biyu. Idan saiwar ta fara da h, sai p ya haɗu da shi su zama ph, kamar a hyphéma, taruwar jini a gaban ƙwayar ido, daga hupó da haîma, "jini". Masu ƙirar kalmomi na baya-bayan nan sun fi son barin o ɗin domin a gane ɗafin da kallo ɗaya, shi ya sa ake da hypoacousie, raunin ji, da hypoesthésie, raunin jin taɓi.

Ma'ana ta farko: wuri

Tsofaffin kalmomin likitanci masu hypo- wuri suke nunawa. Hypogastre shi ne sashen ciki da ke ƙasa da cibiya, wato mara, daga gastḗr, "ciki". Jijiyar hypoglosse, ta 12 a jerin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ita ce mai motsa harshe, kuma sunanta daga glôssa ne, "harshe", domin ta ƙarƙashinsa take bi. Hypothalamus wani ƙaramin sashe ne na ƙwaƙwalwa da ke ƙarƙashin thalamus, kalmar da ke nufin "ɗakin ciki" a Girkanci. Hypophyse kuwa ma'anarta "abin da ya tsiro a ƙasa", domin a gindin ƙwaƙwalwa take rataye. A 1853 Charles Pravaz a birnin Liyon na Faransa da Alexander Wood a Edinbara suka fito da sirinji mai allura mai rami, kowa a nasa ɓangaren, kuma bayan ƴan shekaru aka laƙaba wa irin wannan allura sunan hypodermique, daga dérma, "fata".

Sau da yawa kalmar Girkanci tana da takwara ta Latin mai gini iri ɗaya. Hypodermique da sous-cutané duka "ƙarƙashin fata" suke nufi. Hypoglosse da sublingual duka "ƙarƙashin harshe" ne, sai dai likitanci ya raba musu aiki: ta farko sunan jijiya ce, ta biyu ana faɗinta ga mazubar miyau da kuma maganin da ake sa wa a ƙarƙashin harshe. A wajen likitanci ma haka ne, hypothèse da supposition kalma ɗaya ce cikin harsuna biyu, wato "abin da aka aza a ƙasa" domin a gina hujja a kansa.

Kalmar da ta fi kowace nisa da asalinta a wannan rukuni ita ce hypocondrie. Khóndros shi ne guringuntsi, kuma a littattafan da ake dangantawa da Hippocrate, likitan tsibirin Kos da aka haifa wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa, hupokhóndrion sunan wurin da ke ƙarƙashin guringuntsin haƙarƙari ne. Har yau likitoci na cewa hypocondre na dama, inda hanta da maɗaciya suke, da na hagu, inda saifa take. Tsohon likitancin Girka, wanda Galen na Pergamon ya tsara a ƙarni na 2, ya ɗauka cewa ruwaye huɗu ke tafiyar da jiki, kuma ɗaya daga cikinsu, baƙar maɗaciya, yana da alaƙa da saifa, yana jawo baƙin ciki da fargaba in ya yi yawa. Sai aka riƙa kiran mai yawan damuwa da kukan ciwon ciki da sunan wannan wuri. Da tafiya ta yi tafiya aka watsar da ra'ayin ruwayen huɗu, aka manta da guringuntsin, kalmar ta koma nufin tsoron cutar da babu ita, irin halin Argan a wasan kwaikwayon Molière na 1673, Le Malade imaginaire. Wanda ya fassara hypocondrie da "ƙarancin" wani abu ya yi kuskure, domin babu abin da ya ragu a cikinta.

Ma'ana ta biyu: kasawa

Tun a tsohon Girkanci hupó tana da wata ma'ana ta sassautawa. Leukós shi ne fari, hupóleukos kuwa abin da ya yi fari-fari. Latin ma yana yin haka da sub. Hausa tana da wannan ma'ana daidai, sai dai da ninki take samar da ita: fari-fari, baƙi-baƙi, tsami-tsami. Hanyar da ma'anar ta bi a fili take, domin abin da ke ƙasa da cikakken mataki bai kai ba ke nan. Akwai wani misali da ke nuna cewa ruɗanin tagwayen ya daɗe. Thucydide, da yake bayyana fatar waɗanda annobar Atina ta shekara ta 430 kafin haihuwar Annabi Isa ta kama, ya yi amfani da sifar hupéruthros. Mai gaggawa zai ga hupér a farkonta ya ce ja ne ƙwarai. Alhali hup- ne da eruthrós, "ja", ma'anarta abin da ya ɗan yi ja. Wurin da aka yanka kalma shi ke yanke ma'anarta.

Kalmomin Girkanci sun iso likitancin Turai ta hanyoyi biyu. Ta farko ta biyo ta Bagadaza, inda Hunayn ibn Ishaq da almajiransa suka fassara littattafan Galen zuwa Suryananci da Larabci a ƙarni na 9, daga baya aka juya da yawa zuwa Latin. Ta biyu ita ce komawa ga asalin Girkancin, musamman bayan da maɗaba'ar Aldo a Benis ta buga Galen a 1525 da Hippocrate a 1526. Amma galibin kalmomin da hypo- ke nufin kasawa a cikinsu sababbi ne, ƙirar ƙarni na 19 da na 20, kuma Galen bai taɓa jin su ba. Dalili shi ne ba a iya cewa abu ya kasa sai an san mizaninsa, mizani kuwa sai da ma'auni. A 1868 Carl Wunderlich na Laifzig ya buga littafinsa a kan zafin jiki, wanda ya kafa digiri 37 a matsayin zafin mai lafiya. A 1896 Scipione Riva-Rocci a Italiya ya fito da na'urar awon jini mai ɗaurin dantse, kuma a 1905 Nikolai Korotkoff a Rasha ya nuna yadda ake sauraren jijiya a sami lambobi biyu, na sama da na ƙasa. Bayan da aka fara yi wa masu ciwon sukari allurar insulin a Toronto a 1922, faɗuwar sukarin jini ta zama abin da likitoci ke gani kullum. Kowane sabon ma'auni ya zo da kalmomi biyu, ɗaya ta abin da ya wuce mizani, ɗaya ta abin da ya gaza.

Hypoglycémie gini uku ce: hupó, da glukús, "mai zaƙi", da haîma, "jini". Ga mai ciwon sukari, ana kiranta haka idan awo ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita. Alamunta su ne zufa da rawar jiki da yunwa mai tsanani da bugun zuciya, sannan ruɗewa da suma. Wanda ke cikin hayyacinsa akan ba shi sukari ko abin sha mai zaƙi, wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa kome a baki, asibiti ake kai shi da gaggawa. Matsalar ba ta tsaya ga masu ciwon sukari ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana jawo ta, musamman ga yara da masu juna biyu, kuma maganin kinin yana iya ƙara ta. A matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin jinyar yaro mai tamowa mai tsanani, na farko shi ne magance hypoglycémie, na biyu hypothermie, wato faɗuwar zafin jiki. Ga babba ana maganar hypothermie ƙasa da digiri 35, ga jariri sabon haihuwa kuwa ƙasa da 36,5. Hypotension ita ce awon jini da ya gaza 90 bisa 60, wanda a asibitocin ƙasashe masu Faransanci ake faɗi 9/6, yayin da hypertension ke farawa daga 14/9.

Waɗannan biyun na ƙarshe ruwa biyu ne, domin ɗafin Girkanci ne, tension kuwa Latin. Kalmar da take Girkanci zalla ita ce hypertonie, kuma ita Jamusawa ke amfani da ita ga hawan jini, alhali a Faransanci an fi faɗinta ga taurin tsoka. Wannan ya nuna cewa sanin asalin gutsattsarin kalma yana kai mutum bakin ƙofa ne, al'adar masu amfani da ita ke ƙarasa ma'anar.

Masu kama da shi

Akwai guntaye uku da ake ruɗawa da hypo-. Na farko hippo-, daga híppos, "doki", wanda furucinsa a Faransanci ɗaya ne da na hypo-. Shi ne a hippopotame, dorina, wato "dokin kogi", da hippocampe na ƙwaƙwalwa, da sunan Hippocrate kansa. Na biyu hypno-, daga húpnos, "barci", kamar a hypnose da hypnotique, maganin sa barci. Na uku a- ko an-, mai kore abu gaba ɗaya: hypoxie ƙarancin oksijin ce, anoxie rashinsa. Sai dai a nan ma al'ada takan saɓa wa asali, domin anémie a zahirin gininta "rashin jini" ce, amma abin da take nufi ƙaranci ne.

Ɗalibin kimiyyar harshe yana haɗuwa da wannan ɗafi a fagensa. Hyponyme kalma ce da ma'anarta ke ƙarƙashin ta wata, kamar yadda akuya da tunkiya da raƙumi ke ƙarƙashin dabba, wadda ita ce hyperonyme ɗinsu. Hypotaxe ita ce rataya wani yankin jimla a ƙarƙashin wani. Hypocoristique kuwa sunan shagwaɓa ne, irin su Iro daga Ibrahim ko Dije daga Hadiza, kuma Paul Newman da Mustapha Ahmad sun yi nazarin irin waɗannan sunaye na Hausa a 1992. Biyun farko na ma'anar wuri ne, ta ukun ta ma'anar sassautawa.

Fassara zuwa Hausa

A 2025 kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Karatun likitanci a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Faransanci ake yin sa, marasa lafiya da yawa kuwa Hausa suke ji. Aikin samar da kalmomin da za su haɗa ɓangarorin biyu yana kan masana harshe.

Hausa ba ta da ɗafa-goshi da yawa. Fitattun su ne ma- na makaranta da manomi da mabuɗi, da ba- na Bahaushe. Abin da Girkanci ke yi da ɗafi, Hausa da harɗaɗɗiyar kalma take yin sa, kamar yadda jama'a da kansu suka ƙirƙiro "hawan jini". Don haka neman kalmar Hausa guda ɗaya da za ta tsaya wa hypo- ko'ina ɓata lokaci ne. Larabcin likitanci ma raba shi ya yi: tahta ga wuri, naƙs ga ƙarancin abu, ƙusur ga gazawar aiki. Mai fassara zai fara da tambayar abin da saiwar ke nufi. In wuri ne a jiki, "ƙarƙashin" ya dace, kamar allurar ƙarƙashin fata. In wani sinadari ne, "ƙarancin" ya dace, kamar ƙarancin sukari a jini. In abin awo ne, "faɗuwar" ko "saukar" ta fi, kamar faɗuwar zafin jiki. In aikin wata gaɓa ne, "raunin" ya fi, kamar raunin ji, ko raunin aikin halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Ɗafa-ƙeya yana taimakawa wajen rarrabewa: hypothalamus sunan gaɓa ne, hypothyroïdie kuwa, saboda -ie na ƙarshenta, sunan yanayi ne.

Akwai ramuka biyu da ya kamata a kauce musu. Na farko shi ne fassara hypotension da "ƙarancin jini". Wannan suna ya riga ya zama na anémie a bakin jama'a, kuma cututtukan biyu dabam suke, maganinsu dabam. Matar da aka ce wa tana da ƙarancin jini za ta nemi maganin ƙarin jini, alhali awon jininta ne ya sauka, wataƙila saboda zawo ya ƙarar mata da ruwan jiki ko maganin hawan jinin da take sha ya yi mata yawa. "Saukar awon jini" ta fi tsira, domin ita ce kishiyar hawan jini da kowa ya sani. Na biyu shi ne fassara hypothermie da "sanyi". A Hausa sanyi ya ɗauki kaya da yawa: akwai ciwon sanyi, akwai sanyin ƙashi, akwai sanyin jiki mai nufin kasala ko karayar zuciya. Uwar da aka ce wa jaririnta yana da sanyi tana iya fahimtar wata cuta dabam, alhali abin da ake so ta yi shi ne ta manna shi a ƙirjinta, fata da fata, ta lulluɓe shi. In aka ce mata zafin jikinsa ne ya faɗi, an gaya mata matsalar da maganinta a lokaci guda.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa gwada kowace sabuwar kalma da shi kafin a sa ta a ƙamus: a faɗe ta ga wanda bai yi boko ba, a tambaye shi abin da ya fahimta da abin da zai yi. Girkanci ya bar tagwayensa da bambancin gaɓa ɗaya saboda gado. Hausa ba ta da wannan tilas, domin "hawa" da "sauka", ko "yawa" da "ƙaranci", ba sa ruɗuwa a kunne ko da ta wayar tarho ne.